Baba Azariya, Wanda Ya Fitar Da Gawayi Daga Ɗakin Jego

Da sassafe Baba Azariya yake kafe tsohon babur ɗinsa a bakin shagonsa na gyaran kayan wuta da ke Kafanchan. Ya share ƙofa, ya yi gajeriyar addu'a, ya ɗora tabarau a hanci, sannan ya jawo aikin jiya: dutsen guga, fanka, rediyo. In kuwa damina ta yi nisa, sanyi ya fara shiga ƙashi, to teburinsa ya zama na hitar ɗumama ɗaki.

Yana da wata al'ada da ta sa ake ce masa mai naci. Ba ya gyara hita ya miƙa maka a shago. Sai ya bi ka har gida, ya jona ta, ya tsayar da kai gaban mitar wuta. "Dubi wannan jan idon," yakan ce. "In yana ƙyaftawa a hankali, kana lafiya. In ya kama rawa, kuɗin cefanenka ne ke rawa."

Regina, matar wani manomin citta a Kagoro mai suna Meshak, ba za ta manta da wannan naci ba. A tsakiyar Agusta ta haifi bakwaini, aka sa mata suna Stella. Da za a sallame su, nas ta ja kunne: kada sanyi ya taɓa yarinyar. Meshak ya shiga gwanjo ya zaɓo hita mafi ƙarfi, mai fanka. Ɗaki ya yi zafi nan take, amma yunit ɗin wutar da kan kai su wata bai ga Lahadi ta biyu ba. Sai kakar jaririyar ta shigo da kaskon gawayi, ta rufe taga. Regina ta riƙa tashi da ciwon kai, jaririya kuma ta rage kama nono.

Meshak ya kai hitar shagon Baba. "Baba, wannan abu ya lalace. Yana shan yunit kamar burkutu."

Baba ya kifa ta, ya nuna masa ɗan rubutun da ke ƙasanta. "Lafiyarta ƙalau. Ka ga lambar nan mai W a gefe? Dubu biyu. Kamar ka kunna dutsen guga biyu ne ka tafi gona. To yanzu me ke ɗumama yarinyar?"

"Gawayi."

Hussaini mai shayi, maƙwabcin shagon, ya ce bai taɓa ganin Baba ya bar kofinsa da saura ba sai ran nan. Ya rufe shago, ya ɗaure wata tsohuwar hita a bayan babur, ya lulluɓe ta da leda, ya bi Meshak cikin yayyafi.

Da isarsa kaskon ya fara ɗauka. Kaka ta tare ƙofa.

"Kai ma da gawayi aka rene ka, Azariya."

"Shi ya sa na fito baƙi haka, Mama," ya ce. Sai da ta dara sannan ya rusuna. "Ɗakinki na wancan zamani rufin ciyawa ne, yana numfashi. Wannan siminti ne da silin. Mugun hayaƙin da ba a gani ba shi da hanyar fita, sai ta hancin jikarki."

Tsohuwa ta buɗe tagar da hannunta.

Regina ya zaunar ya yi wa bayani, don ita ce ke yini a ɗakin. Hita mai ƙarfen da ke yin ja, in ji shi, abin da ke gabanta kawai take gasawa, kuma ranar da aka shanya mata zanen goyo, ranar gobara. Mai fanka akwai sauri, akwai ci, ana ɗauke wuta sanyi ya dawo. Wadda ya kawo mai ne a cikinta. Tana da nawa wajen yin zafi, amma in ɗaki ya ɗumama takan kashe kanta, in an ɗauke wuta kuma jikinta na riƙe ɗumi na wani lokaci.

"'Yata, babu wadda ke ba da zafi kyauta. Lamba da daɗewa a kunne, su ne kuɗin."

Ya sa suka koma ƙaramin ɗaki, ya cusa tsumma ƙarƙashin ƙofa, ya murɗa hitar zuwa ƙaramar lamba. In wuta ta daɗe ba ta dawo ba, ya ce ta kwantar da yarinyar a ƙirjinta yadda nas ta koya mata. Ya kai Regina gaban mita, ta ga jan idon ya lafa. Yunit ya riƙa kai su wata har damina ta wuce, kasko bai sake shiga ɗakin ba.

Baba Azariya, kai ne ba ka tsaya kan abin da aka kawo maka ba, ka tambayi wanda aka baro a gida. Kai ne ka fi son mu gane da mu yi ta dawowa shagonka. Gwanin waya, mai sanyin baki. Yanzu hannunka ya fara rawa, ka ce ƙarshen watan nan za ka rufe shago ka koma garin Madakiya. Mun gode. Ubangiji ya ba ka hutu mai daɗi.

Ku kuma masu gyara da masu sayar da kayan wuta, kafin ku miƙa kaya, ku tambayi ɗakin da za shi da wanda ke kwana a ciki. Baba ya tambaya. Stella ga ta can a Kagoro tana bin kaji da gudu, kakarta na biye tana haki.