Shekarar da Direba Bang Bai Dama Faten Wake Ba

A ƙauyukan da ke kewaye da Sangju, in aka ce Direba Bang kowa ya san Bang Gilsu ake nufi, ko da yake ya daɗe da ajiye tuƙi. Rabin rayuwarsa a kujerar bas ya yi ta, yana kai mutane kasuwa yana dawo da su. Tsofaffin mata sun san shi da jira. In ya hango wata tafe da ƙunshi a ka, sai ya tsaya ya kama goge gilashi, kamar dama abin da ya tsayar da shi ke nan. Yara kuwa sun san shi da cika alkawari. Girki ne kawai ba a san shi da shi ba. Matarsa Malsun takan ce ko ruwa ya ɗora sai ya ƙone.

A hunturun bana Malsun ta tafi Daegu zaman jego, 'yarsu ta haifi namiji. Gidan can ya yi kaɗan, don haka aka turo wa tsohon manyan jikokinsa biyu, Boram mai shekara goma da ƙanwarta Nari mai bakwai.

Nari ta zo da damuwa. Sai ta kai takwas za ta shiga makaranta, Boram kuma ta gaya mata abin da kowa ke faɗa: ranar Dongji, ranar da dare ya fi tsawo, wanda bai sha faten jan wake da ƙwan tsuntsu a ciki daidai da shekarun da zai cika ba, sabuwar shekara za ta wuce ta bar shi. Ƙwan tsuntsun ba wani abu ba ne illa 'yan curin garin shinkafa mai danƙo. Ga shi mai dama faten tana Daegu.

"Ni zan dama miki," in ji Gilsu. "Ki sa a ranki kin kai takwas."

Ya jiƙa wake, ya kai shinkafa inji aka niƙa. Ranar Dongji da hantsi wake na tafasa a murhun tsakar gida, su uku kuma suna zaune a ɗaki, a dandamali mai ɗumi, sun sa faranti a tsakiya suna murza gari a tafin hannu.

"Kaka, wannan ai ƙwan jimina ne," in ji Boram, ta ɗaga nasa sama. "Wa zai haɗiye shi?"

"Mai babban baki. Ga ki nan."

"Nawa fa, Kaka?" in ji Nari.

Ya duba nata. Wasu dogaye, wasu a baje, ɗaya har da kunnuwa. "Tsuntsun da ya saka waɗannan ba shi da lafiya, amma za su ciwu."

Suna cikin dariya aka turo ƙofar gida. Maƙwabciyarsu ce, wadda tun da aka kawo ta amarya ake kiranta 'Yar Andong, da sunan garinsu, ta shigo da busasshiyar kanya a kwano don yara. Ta tsaya a bakin murhu, ta buɗe tukunya, ta rufe.

"Direba Bang! Me nake gani haka?"

"Wake kike gani, 'Yar Andong. Idon ne ya fara?"

"Idona ƙalau. Naka ne bai kalli sama ba jiya. Wata siriri kamar farce, kai kuma kana dama fate? Dongjin yara ne bana, tsohon banza!"

Hannun Gilsu ya tsaya da curin gari a ciki. Ya san zancen. Tun yana yaro ya ji mahaifiyarsa na faɗa: in Dongji ya faɗo a farkon wata, gidan da ke da yara ba ya dama faten wake, domin faten da ke korar miyagun iskoki yakan haɗa har da tsohuwa Samsin, wadda ke tsaron jarirai. Sai dai a turara wainar shinkafa da wake. Amma lissafin wata aikin Malsun ne. Shi ranar kasuwa kawai ya sani.

"Wannan ai zancen da ne," ya ce, muryarsa ba ƙarfi.

"Na da ne, kamar ni da kai. Ga yara biyu a gabanka, ga jinjiri ko cibiya bai yar ba. Ka dama, ni kuwa in kira Malsun yanzu."

Gilsu ba mai tsoron iskoki ba ne. Amma duk tsawon tuƙinsa bai taɓa danna oda a gindin tsohuwar bishiyar bakin gari ba, kuma bai taɓa tambayar kansa dalili ba. Ya tuna hoton jaririn da aka turo masa a waya, fuska jawur, hannu a dunƙule. Ya san ba zai dama faten nan ba.

Ya juya ya ga Nari. Ba ta yi kuka ba, ta dai jera ƙwayayenta takwas a gefen faranti ta sa hannu ta kare su.

"Ke nan zan zauna a bakwai?"

"Ni ma a goma," in ji Boram. "Amma ni ina makaranta."

"Rufe mana baki, uwar iya," in ji Gilsu.

"To wainar ba da wake ake yi ba?" Boram ta tambayi 'Yar Andong. "Ita ba ta korar tsohuwar?"

"Tsohuwar na son waina. Kar ki dame ni da tambaya."

Gilsu ya tashi ya shiga kicin, ba don ya san abin da zai yi ba, sai don ya kasa kallon yarinyar. Ya buɗe wannan, ya rufe wancan. A saman kanta ya ci karo da ragowar busasshen ganyen teku, cikin wanda aka saya wa mai jego. Ya tsaya riƙe da shi. Sannan ya fito.

"Nari, wace miya ake sha ranar zagayowar haihuwa?"

"Ta ganyen teku."

"In an sha, me ke faruwa?"

Ta ɗan yi tunani. "Shekara na ƙaruwa."

"To ga miyar ƙarin shekara, ga ƙwan ƙarin shekara. In suka haɗu a kwano ɗaya, ni tsorona kar ki wuce takwas ki faɗa tara."

Nari ta kalli 'Yar Andong, don ta lura ita ce alƙaliyar yau. Tsohuwar ta ɗan taɓe baki.

"A garinmu haka muke zuba su a miyar nan, babu laifi. Matsa, Direba, kafin ka ƙone ruwan."

Aiki ya koma sabo. 'Yar Andong ta tsane waken, yara suka daka shi sama-sama, suka riƙa shimfiɗa gari da wake bi da bi a tukunyar turare. Gilsu ya soya ganyen da man riɗi, ana yi masa faɗa yana cewa to. Da ƙwayayen suka taso saman miya, Nari da kanta ta tsamo nata, har da mai kunnuwan.

Ta ci tana ƙirgawa da ƙarfi. Da ta haɗiye na takwas ta ajiye cokali, ta gyara zama, ta miƙe wuya.

"Na ji ta," ta ce. "Shekarar ta shiga."

"Ta shiga," in ji Gilsu, ya sauke ajiyar zuciya.

Nari ta nuna kwanonsa. "Saura kai, Kaka. Saba'in da nawa ne?"

"Ni na yafe tawa shekarar, a ba mabuƙata."

"Ba a yafewa," in ji 'Yar Andong, ta ɗebo ƙwan jiminar nan ta tsoma masa a kwano. "Fara da wannan, ya tsaya maka a madadin ashirin."