Telan Da Ke Awo Da Ido

Shekara talatin da biyu tela ya yi a shagonsa na bayan tashar mota, tef ɗin awonsa yana rataye a ƙusa har gizo-gizo ya yi masa saƙa. Da ido yake awo. Mutum zai shigo da yadi, tela ya ɗan karkata kai, ya dube shi daga kafaɗa zuwa idon sawu, ya ce, "Kafaɗa sha takwas, ƙugu talatin da shida." In mai kayan ya ce, "Ba za ka gwada ba?" sai ya amsa, "Na tabbata." Daga nan sunan ya bi shi, har 'ya'yansa ma 'ya'yan Na-Tabbata ake ce musu.

Ba ya shiri da zato ko kaɗan. A wurinsa "ina zato" da "ina tsammani" maganar matsorata ce, masu son faɗin abu su bar wa kansu ƙofar gudu. Wanda kuwa ya ce "na ɗauka", in ji shi, ya riga ya ɓata yadin mutane, haƙuri kawai yake nema. Matarsa ta ce tun da ta aure shi bai taɓa zaton za a yi ruwa ba. Ko dai ya tabbata za a yi, ko ya tabbata ba za a yi ba, shanyarta kuma ita ke shan wahala.

Yana da wa guda ɗaya, tsohon direban bas, wanda ya rene shi bayan rasuwar mahaifinsu, ya saya masa keken ɗinkinsa na farko. Tun da Yaya ya ajiye tuƙi, kullum da hantsi yana kan bencin shagon da 'yar rediyonsa. Awonsa kuwa tela ya haddace tun da daɗewa, ƙugu arba'in da biyu.

Wata rana matar tela ta ce, "Maigida, ni dai ina ganin Yaya yana ramewa. Jiya da ya zo, cokali uku ya yi ya ture kwano."

"Kina gani ko kin tabbata?"

"Ina zato."

"To, zato ne. Ni da nake tare da shi kullum? Na ma tambaye shi, ya ce lafiyarsa ƙalau."

"Kai kuma ka yarda?"

"Yayana ne zai yi mini ƙarya?"

Sau uku tana tayar da maganar cikin wata huɗu, sau uku yana kashe ta da hujja. A lokacin har daɗi yake ji, wai ya iya magana.

Ana nan 'yar Yaya ta gama makarantar jinya, aka sa ranar ba su takardar shaida. Yaya ya kawo yadi mai ruwan toka, yana son riga da wando na zuwa taron. Tela ko kai bai ɗaga daga keke ba, ya ce, "Ajiye nan, Yaya." Kwana uku ya yi a kan ɗinkin, don yana son wansa ya fi kowane uba fitowa.

Ranar gwaji Yaya ya shiga bayan labule, ya daɗe. Da ya fito, hannunsa ɗaya na riƙe da ƙugun wando kada ya zame. Ɗinkin kafaɗa ya sauko har tsakiyar damtse, rigar tana lilo kamar a ƙusa aka rataye ta.

Abin da tela ya fara yi shi ne abin da ya fi ba shi kunya har yau. Yadin ya zarga. Ya ce yadin zamani ne, saki yake yi. Ya harari alli, ya harari almakashi. Da Yaya ya cire wandon, ya shimfiɗa shi kan tebur ya bi shi da taƙi, arba'in da biyu cif. Ɗinki bai yi kuskure ba.

Sai ya miƙa hannu ya ciro tef daga ƙusa, ya share yanar a jikin rigarsa.

"Yaya, ɗaga hannu."

Talatin da huɗu. Ya sake zagayawa, talatin da huɗu. Inci takwas sun zube daga jikin mutumin da ke zama taku uku daga kekensa. Tsoro ya kama shi.

"Tun yaushe?"

"Ya kai wata biyar," in ji Yaya. "Abinci ba ya zama."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Na ɗauka ka gani. Kai da ke auna mutum daga tsallaken titi? Kullum ina zaune ina jira ka yi magana. Da ka yi shiru, sai na ce ashe ba wani abu ba ne, tunda idon ƙanena bai kama ba."

Tela ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya tare musu mota zuwa asibiti. Likita ya ce ciwon ya yi nisa, amma akwai magani, za a gwada.

Yanzu tef a wuyansa yake wuni. Masu kawo ɗinki suna tsokanarsa, shi ma yana taya su. Yakan ce ai shi ne gwanin da ya auna gari kaf ya manta da bencin shagonsa. Kayan Yaya ya rage su, da su aka je taron. Sai dai bai yanke rarar yadin ba, ninke ta ya yi ta ciki.

Duk Litinin yana auna wansa. A makon jiya tef ya nuna talatin da biyar. Da ya koma gida ya faɗa wa matarsa, ta ajiye wankin da take yi ta dube shi.

"Ya ƙaru ke nan? Ka tabbata?"

"Ina zato," in ji Na-Tabbata. "Gobe zan sake aunawa."