Ranar da Ardo Ya Nema wa Sarkin Kaska Afuwa

Ina jin takaici duk lokacin da na ji masu ba da tarihin wasan kwaikwayo mai waƙa a ƙasar Hausa sun fara lissafinsu daga manyan birane, kamar mu mutanen Birnin Kudu muna barci ne har aka kawo akwatin talabijin. Ba haka ba ne. Ni ne magatakardan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta malaman makarantarmu a shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasa, lokacin da arzikin man fetur ya fara shimfiɗa kwalta a hanyoyinmu, kuma ina da abin faɗa.

Wani abokina, malamin dabbobi ne a Gwaram, shi ya jawo lamarin. Gwamnati ta gina masa ramin wankan shanu, dogo mai siminti, wanda saniya za ta faɗa ta wannan baki, ta yi iyo cikin ruwan magani, ta fita ta wancan bakin, kaska ta mutu. Amma ko ɗan maraƙi ba a kawo ba. Fulanin yankin Farin Dutse sun ce su da hannu suka gaji cire kaska kowace safiya, kuma ba za su jefa dukiyarsu cikin rami ta nitse ba. Manyansa na Kano suka ce in damina ta faɗi ba a ga shanu ba, za a rufe ramin, a kai maganin wani wuri. Shi kuwa ya san da zarar ruwa ya sauka kaska za ta yi yawa, kirci ya biyo bayanta ya lalata fatun shanu.

"Malam," in ji shi, "na yi bayani har muryata ta dushe. Ku gwada da waƙa."

Na zauna na tsara wasa. Ni na ɗauki matsayin Malamin Dabbobi, na rubuta wa kaina baitoci masu ma'auni da amsa-amo, waɗanda suka bayyana rayuwar kaska tun daga ƙwai. Ɗalibai suka zama 'yan amshi, rabi ƙuma, rabi kwarkwatar kaji. Matsayin mugu kuwa, wato Sarkin Kaska, muka bai wa malamin lissafi, wani Babarbare mai ƙiba da fara'a. Aka kifa masa ƙaton masaki a ciki, aka shafe shi da toka da shuni, aka ɗaura masa ƙafafun kara a gefe da gefe. Waƙarsa gajeriya ce, da gangan na yi ta haka don kada ta ɗauke hankali:

"Ni ne Kaska, ba na noma,
Ba na kiwo, ba na tatsa,
Ardo ya yi kiwo, ni in sha!"

'Yan amshi su ce, "Sha, Kaska, sha!"

A tsarina, daga ƙarshe zan kama shi, in rera baitocina, sannan ya kwanta a kan wani shuɗin zane mai matsayin ruwan magani, ya mutu. A Birnin Kudu haka aka yi, a gaban ma'aikata da ɗalibai, kowa ya tafa cikin ladabi.

A Gwaram muka yi wasan ranar kasuwa, bayan la'asar, a filin da ke gefen ramin. Abokina ya cika shi da ruwa zalla, ba magani, don mutane su ga zurfinsa. Aka shimfiɗa wa Ardon makiyayan tabarma a gaba. Dattijo ne dogo, siriri, da malfa da sanda, samarinsa tsaye a bayansa.

Kuskuren farko na mai kalangun da muka zo da shi ne, kuma har yau ban yafe masa ba. Da Sarkin Kaska ya fito yana rangaji, ƙafafun karan nan suna kaɗawa, sai makaɗin ya saki kiɗan da muka koya, ya shiga yi masa take irin na manyan mutane. Wani maroƙi da ba mu gayyata ba ya faɗo fili yana kirari: "Na bayan kunne, gagara ƙaho! Mai kwana a hantsa ba haya!" Malamin lissafi ya ji daɗi, ya riƙa juya masakin nan hagu da dama. Mata suka rangaɗa guɗa. Masu tallar nono suka ajiye ƙwaryarsu suka shiga amshi. Ƙuma suka manta layinsu, suka dinga tsalle har cikin 'yan kallo, karnukan kasuwa suna binsu da haushi. Aka maimaita waƙar da na yi gajeriya har na daina ƙirgawa.

Da ƙyar na samu shiga. Na riƙe Sarkin Kaska ta wuya, na gyara murya, na fara: "Ya ku jama'a, ku saurari bayani..."

Sai Ardo ya ɗaga sandarsa. Kiɗa ya tsaya.

"Malam," ya ce, "me za ka yi masa?"

"Kashe shi zan yi, Baffa. Haka yake a rubuce."

"A'a. Mutumin da aka yi wa take a gabana ba za a kashe shi ina zaune ba. Kuma na ga zanen fuskarsa. Babarbare ne, abokin wasana ne, ba mai hukunta shi sai ni. Ya ci albarkacina. A sake shi."

Jama'a suka ɗauka: "A sake shi! Dattijo ya roƙa!"

Na tsaya riƙe da wuyan mutum, gumi yana zuba. Mai tarbiyya ba ya mayar da roƙon dattijo a bainar jama'a. Amma in Kaska ya tsira, to mun shigo mota tun daga Birnin Kudu don mu koya wa makiyaya cewa kaska abin tausayi ce. Na dubi abokina, na ga ya dafe kai da hannu biyu. Na saki wuyan.

Malamin lissafi ya rarrafa har gaban tabarma, masaki yana jan ƙasa, ya yi gaisuwa.

"Allah ya ja zamanin Ardo! Tunda ka cece ni, ai ba ni da uban gida sai kai. Yau a rugarka zan kwana."

"Bismilla," in ji Ardo, yana dariya. "Akwai fura."

"Wa ke ta fura? Na ji labarin farin bijiminka mai tozo kamar rumbu. A bayan kunnensa zan sauka. Matana kuma su sauka a hantsar shanun tatsa. Ƙuma, ku zo ku gai da baba! Ku za ku zauna da karnukansa. Kwarkwata, kajin Inna na can suna jiranku!"

Ɗalibai suka yi caa, suka kewaye tabarmar suna waƙa, sun sauya baitin: "Ardo ya ceta, mu mu sha!" Kalangu ya dawo. Kasuwa ta ruɗe da dariya, har wani mahauci ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki.

Ardo ya miƙe tsaye. "Farin bijimina? Kai, Babarbare, rashin kunyarka ta kai nan? Malam, ina ramin nan naku?"

"Baffa, ga zane nan an shimfiɗa..."

"Wane zane? Samari, ku ɗauke shi!"

Kafin in ce wannan ba ya cikin tsari, sun ɗaga shi sama kamar buhun gero, yana wutsil-wutsil yana kiran, "Ardo, amana! Amana!" Suka jefa shi cikin ramin gaske. Ruwa ya fantsama har kan farar rigata. Kowa ya zuba wa ramin ido.

Sai ga kansa ya ɓullo. Ya yi iyo yana furzar da ruwa, ya taka matakalar wancan bakin, ya fito daga shi sai singileti da gajeren wando. Masakin da ƙafafun karan suna can suna yawo a kan ruwa.

Ardo ya taka har bakin ramin, ya zura sandarsa ya auna zurfin, ya daɗe yana duban matakalar.

"To," ya ce, "kaskar ta tsaya, jikin ya fita. In wannan mai tumbin bai nitse ba, bijimina ba zai nitse ba."

Kafin mako ya zagayo abokina ya zuba magani, kuma farin bijimin ne ya fara shiga. Ba a rufe ramin ba.

Ina so a rubuta cewa wasan nan mu muka yi shi, da kiɗa da waƙa da rawa, tun kafin na birni su san ana yi. Ina kuma so a rubuta cewa baitocina, waɗanda ba su da karaya ko ɗaya, ba a taɓa jinsu a Gwaram ba. Shekaru bayan haka na bi ta Farin Dutse, na ji mata suna daka a bayan danga, taɓarya tana sauka daidai kan "Sha, Kaska, sha!" Na tsaya na yi sallama, na tambaye su ko sun san wanda ya tsara waƙar. Suka ce wani Babarbare ne mai ƙiba.