Sirdin Moto a Cikin Rumbu

Wata Lahadi ce, ranar kasuwar Filinge, a kakar da na shiga aji uku a lakwal, wato makarantar boko, na faɗo daga kan aduwar bayan gidanmu, hannuna na hagu ya karye. Kafin in gama ihu maƙwabta sun cika tsakar gida, kowa na faɗin a kai ni wurin maɗori a Filinge. Ga moton Baba, wato babur ɗinsa, a gindin zana, da mai cikin tanki, amma ba sirdi.

Moton nan shi kaɗai ne a ƙauyenmu, kuma a yankinmu na Kurfai ba a kallon idon mutum a hana shi aro. Mai zuwa biki ya ara, mai neman ɓataccen jaki ya ara, a maido shi ba mai, ba godiya. Sai Baba ya samo dabara. Da asuba yakan kwance noti biyun da ke riƙe da sirdin, ya ja shi baya ya ɗaga, ya tura shi cikin rumbu ƙarƙashin damman gero. Duk wanda ya zo, sai ya ce, "Ayya, sirdin shina wurin mai gyara." A safiyar nan ma abin da ya gaya wa Kawu Idi ke nan, maƙwabcinmu, ga shi kuwa tsaye cikin masu jaje.

Inna ta matso ta ce a hankali, "Malam, ɗauko abin nan mana." Baba ya dubi Kawu Idi, ya dube ni, ya ce, "Wane abu?" Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci! Ya ninke buhu da tsohon bargo, ya ɗaure a kan ƙarfe da roba, aka ɗora ni a bayansa, Inna ta ɗaure mu tare da zanenta. Hanyar kuwa duk gargada ce da yashi. Kowane rami sai na ji shi a cikin ƙashina, bargon ya zame, ƙarfe na ƙona min cinya. Ina kuka, shi yana ta "Sannu, mun kusa," alhali ko rabi ba mu yi ba.

Da muka dawo da la'asar, muka tarar da sirdin jingine a ƙofar zaure, an kakkaɓe shi fes. Inna ta ce Kawu Idi ne ya hau rumbun ya sauko da shi, bai ko tambayi inda yake ba. Ashe duk gari an sani! Baba ya zura bakin sirdin ƙarƙashin tanki, ya ɗaure notinsa, ya ce wai mai gyara ya kyauta.

Yanzu kowane gida da motonsa, wanda aka roƙa kuma sai ya ce a'a ta waya, ko kunya babu. Hannuna na yi min tsami duk lokacin sanyi, kuma ban gama jin haushin Baba ba, Allah ya jiƙansa. Amma da zai dawo, zan sake hawa ƙarfen nan a bayansa.