Ƙayar da Baffa Ya Sa a Mashayar Abokinsa

Ni ne na yi laifin, ba mutanen ruga ba. Na fara da wannan ne don kada ka karanta har ƙarshe kana yi mini kyakkyawan zato. Karatuna bai wuce firamare ba, ban iya jera magana ba, amma abin da na aikata na san shi sarai, kuma na daɗe ina ɗauke da shi ni kaɗai.

Warin laka ne ya tayar mini da shi. Lokacin korona, da aka rufe makarantu, babban ɗana ya shigo gida wata rana da la'asar, idanunsa jawur. Wandonsa ya bushe a jikinsa, amma yana giftawa ta gabana na ji warin nan na ruwan kwance, warin laka da ruɓaɓɓen ganye. Zan dawo kan yaron. Bari in fara kai ka inda na fara sanin warin.

Ƙauyenmu yana bayan Dauran, a ƙasar Zurmi. Rijiya ɗaya gare mu, ruwanta zartsi ne, ko sabulu ba ya kumfa a ciki. Saboda haka da damina tafki ne rayuwar gari. Tun kakanni an raba shi. Gefen gari nan mata ke ɗibar na sha. Can ƙasa kaɗan wajen wanka ne, inda mu yara muke yini muna iyo da nutso, muna tsinko bado har fatar yatsunmu ta yi tamoji. Ƙetare kuwa, inda ciyawa ta yi tsayi, mashayar mutanen ruga ce, su da shanunsu.

Baffana, yayan mahaifina, shi ke kula da tafkin. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, shi ya riƙe mu, ni da Inna da ƙanena, gidansa na jikin namu. A gindin wata tsamiya yake zama da sandarsa, yana tufka igiya, yana korar duk wanda ya shiga inda ba nasa ba. Da hantsi mai ruga yakan zagayo ya zauna wajensa. Tsoho ne siriri, sa'an Baffa, tare suka tashi a bakin ruwan nan. Ya kawo nono a ƙwarya, Baffa ya ɓara goro su raba.

"Kaɗo," in ji mai ruga, "ka zamna kana gadin ruwa kamar za shi gudu."

"Shanunka sun sha rabin tabki, ko sannu ba su ce min ba."

"Bari kaka ta yi, su biya ka da kashi cikin gona. Ai shi kaka so."

Haka suke kullum. Ban taɓa ganin Baffa yana dariya da haƙoransa waje ba sai a gindin tsamiyar nan.

Wata shekara, cikin marka, gero ya fara fitar da kai, sai amai da gudawa ta ɓulla a garuruwan da ke kewaye da mu. Muna da al'ada in annoba ta zo. Za a hana wanka a tafki gaba ɗaya, a jera ƙaya a wajen iyo. Gidan da ciwo ya shiga kuwa, sai a soke reshen dogon yaro a ƙofarsa. Daga ranar ba mai fita daga gidan zuwa bakin ruwa. A fito da randa a ajiye a waje, maƙwabta su ɗebo ruwa su tsiyaya daga sama, ba tare da tulunsu ya taɓa bakin randar ba. Kafin su juya su goge hannu da toka. Tsofaffinmu ba su san sunan ƙwayar cuta ba, amma sun san ruwa ne ke ɗaukar ta daga wannan gida zuwa wancan.

Gidanmu ne na farko. Ƙanena ya kwanta, idanunsa suka faɗa. Baffa da hannunsa ya soke mana reshen, ya tsaya daga waje ya ce wa Inna ta yi haƙuri, doka ba ta san ɗan'uwa ba.

Ban taɓa sanin kaɗaici ba sai a kwanakin nan. Inna na ɗaki da mara lafiya, tana ɗura masa ruwan gishiri da sukari, ba ta da bakin yi mini magana. Abokaina in sun zo wucewa sai su tsallaka can gefen hanya. Nakan leƙa ta jikin danga in ga matar maƙwabcinmu tana tsiyaya ruwa a randa, fuskarta a kawar gefe, ta tafi ko gaisuwa babu. Rana in ta fito bayan ruwan sama, gidan ya ɗauki zafi da wari, ƙudaje ko'ina. Ni kuma cikina ya fara murɗawa, ina zagayawa bayan gida fiye da yadda na saba. Ban faɗa wa Inna ba. Ina tsoron a kwantar da ni a ɗakin nan.

Wata rana da azahar na ji ladan ya kira salla. Na san Baffa zai bar gindin tsamiya ya tafi masallaci. Na ɓula danga ta baya, na bi ta cikin gero a sunkuye. Ban nufi gefen gari ba, don can akwai ido. Na zagaya har ƙetare, mashayar mutanen ruga, inda ciyawa za ta rufe ni. An kora shanu kiwo, wajen shiru, sai kukan kwaɗi.

Na shiga da wandona. Ruwan ya yi sanyi, laka na shiga tsakanin yatsun ƙafata. Na yi nutso, na taso, na sake. Amma iyo ba ya daɗi in kai kaɗai ne, ba wanda zai kama maka ƙafa ta ƙasa, ba wanda za ka watsa wa ruwa. Ina tsaye ruwa iya ƙirji sai cikina ya murɗa da ƙarfi. Ban kai ga fita ba. A nan cikin ruwan abin ya kufce mini.

Ina ƙoƙarin wanke jikina sai ga ƙaramar 'yar mai ruga ta ɓullo daga ciyawa da ƙwarya a ka. Ba ta kai ni shekaru ba, da kitso mai tsabar wuri a gefen kunne. Ta gan ni, ta san an hana. Na ɗora yatsa a baki. Ta yi dariya, ta gyaɗa kai, ta durƙusa ta kore ganyen da ke saman ruwa da gindin ƙwarya, ta cika ta. Kusa da ni ƙwarai. Ina kallonta. Kalma ɗaya ta isa, in ce mata ta matsa can gaba. Ban ce ba, don in na ce sai ta tambayi dalili.

Na shanya kaina a cikin gero har wandon ya bushe, na koma ta inda na fito.

Ba a daɗe ba ciwo ya shiga ruga. Daga nan ya faɗo wasu gidaje a gari. Yarinyar nan ita ce ta fara rasuwa. Ni kuwa nawa ya tsaya da kansa, ƙanena ma ya tashi.

Dattawa suka zauna neman ta inda aka ɓata ruwa. Baffa ya zo ƙofar gidanmu tare da mai unguwa, suka tsaya bayan randa, aka kira ni.

"Ka hita gidan ga tun da aka soke reshe?"

"Ban hita ba, Baffa."

Ya dube ni, ya juya wajen mai unguwa ya ce, "Ɗan ƙanena bai ƙarya. Ni na rene shi."

Tunda gidan da ke da reshe ba wanda ya fita, kuma ruga ce ta kamu bayanmu, sai aka yanke cewa su suka kwaso ciwon daga kasuwar Moriki suka ɓoye, ba su sa alama ba, suka ci gaba da shiga ruwa. Aka ce a rufe mashayarsu. Mai kula da tafki ne zai rufe. Ban ga wannan da idona ba, abokaina ne suka ba ni labari daga baya. Sun ce Baffa na jan ƙaya yana jerawa, mai ruga ya zo ya tsaya, ƙasar kabarin 'yarsa ba ta bushe ba.

"Kaɗo, ni zaka sa ma ƙaya?"

"Ba ni na ba. Hukuncin gari na."

"Hannunka nika gani."

Ba su jira kaka ba. Suka ɗaure kayansu a kan bijimai suka yi arewa, wajen Shinkafi. Shekarar nan karan gonarmu ya bushe a tsaye, ba saniyar da ta shiga. Baffa ya ci gaba da zama a gindin tsamiya. In na kai masa fura sai in tarar ya ɓara goro, ya ci rabi, ɗaya rabin na hannunsa yana juya shi. Ya daina tufka. Sau da yawa na buɗe baki, sai ya dafa kaina ya ce Allah Ya yi mini albarka, in haɗiye maganar.

Na girma, na koma Kaura Namoda, na koyi gyaran babur, daga baya na samu keke napep ina ja. Mutane na cewa ba ni da yawan magana, ba ni da aboki. Gaskiya ne. Wanda ke tsoron kada a san shi ba ya sakin jiki da kowa. Da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukanmu, gari ya watse, na ɗauko Baffa ya dawo hannuna, ya tsufa tukuf, ganinsa ya ragu. An ce mini yanzu tafkin ya cike da yashi, ba mai rabon gefe, ba mai sa ƙaya, ba ma wanda zai sha. A nan birni ruwa a jarka ake kawo mana shi, ba ka san hannun da ya taɓa shi ba, in ciwo ya shiga gida kuwa ɓoyewa ake yi don kada a guje ka.

To, ranar da ɗana ya shigo da warin laka, motar ma'aikatan lafiya ta sha zagaya unguwa da lasifika, ana cewa a guji cunkoso, a wanke hannu, mai zazzaɓi ko tari ya zauna gida. Sun ce ita korona a numfashi take tafiya, yara in sun taru a bakin ruwa suna kokawa da ihu a fuskar juna, nan take samun hanya. Ga tsoho a gidana. Na hana yaron zuwa gulbi, na kuma maimaita. Na ɗauko bulala na tambaye shi, "Ka shiga ruwa?"

Ya dubi bulalar, ya ce, "Na shiga, Baba. Ni da su wane."

Baffa na kan tabarma, ya ce in ajiye bulala, ya kira yaron ya zauna daga nesa. Ya ba shi labarin tafkinmu don ya zama darasi. Ya ce akwai wasu mutane da suka ɓoye ciwo suka ɓata ruwan gari, har da wani da ya ɗauka ɗan'uwa ne. Yaron ya ce, "Ashe Fulanin nan mugaye ne, Kaka."

Abin da na kasa ɗauka ke nan. Ƙaryata ta ci abotar tsoho, ga shi ta fara cin zuciyar ɗana.

Washegari da safe na kai wa Baffa koko, na durƙusa na faɗa masa komai, har da ƙwaryar yarinyar. Ban sani ba ko ni na kai musu ciwon, Allah kaɗai Ya san wannan. Amma na shiga, na gan ta, na yi shiru, na kuma yi ƙarya. Sai Baffa ya ce, "Ta wane gehe ka shiga?"

"Ta gehensu."

Ya ture kokon. Ya juya fuskarsa bango har yamma. Da ya yi magana cewa ya yi, "Ni na ce ba ka ƙarya. Da bakina." Na roƙe shi gafara, ya ce ba shi ne na gaba a layi ba, mutanen ruga ne.

Na yi ta cigiya wajen masu kawo shanu kasuwa. Mai ruga ya daɗe da rasuwa, amma matarsa, uwar yarinyar, tana raye, rikici ya koro su ita da ɗanta suna zaune a bayan gari. Da aka sassauta dokar korona Baffa ya ce in sa shi a keke. Muka same ta a gindin bukka tana wanke ƙore, ta tsufa ita ma. Ta gane Baffa tun kafin ya sauko. Ba ta tashi ba, ba ta kuma kore mu ba. Ya zauna a ƙasa daga nesa.

Na cire takalmi, na durƙusa inda nake, na sauke ƙyallen da ke fuskata don ta ga wanda ke magana.

Na ce, "Goggo, ba ku kuka ɓata ruwan nan ba. Ni na. Gidanmu na da reshe na hita, ina da ciwo na shiga mashayarku. Ɗiyarki ta ɗebi ruwa gabana, na iya hana ta ban hana ba. Aka tambaye ni na yi ƙarya, aka kore ku kuna cikin makoki. Tsohon ga bai sani ba, maganata ya gaskata. Ban zo da abin da zai maido miki da kome ba. Na zo in hwaɗa miki, kuma zan hwaɗa ma duk wanda ya saura daga garinmu, da ɗiyana. Don Allah ki yahe min. In kuma ba ki iyawa, Goggo, hakkinki na."