Tsohon da Ba Ya Ɓoye Ruɓaɓɓiyar Albasa

Zai kai shekara saba'in, kuma aikinsa cika buhunan albasa a Aliero. Ban san sunansa ba. Rigarsa ta koɗe, yatsunsa duk sun tsattsage. Abokan aikinsa suna cusa ruɓaɓɓiya a ƙasan buhu, su jera lafiyayyu a sama. Shi kuwa ware ta yake yi gefe. Ina jin haka ya saba tun yana saurayi.

Mai kayan, wani Alhaji da kowa ke durƙusa wa, ya leƙo daga mota. "Baba, wa'azi ka zo yi ko aiki? Tashi, a ba wani."

Abincin gidan tsohon na yau ya tafi ke nan. Tsohon ya miƙe, ya cire ruɓaɓɓiya ɗaya da ta saura a bakin buhun, sannan ya ɗauki takalmansa.