Takardar Yaya a Cikin Ƙwallo

Ko na tsufa na fara mantuwa, ba zan manta ranar da aka yi ta dukan takardar aikin yayana da ƙafa a layinmu na Kurudu ba.

Lokacin Abuja na ta cika tana batsewa, kowa na shan fiya wata yana yar da ledar, mu kuwa ta zame mana arziki. Duk layin babu wanda ya kai ni iya ɗaurin ƙwallo, ni da nake mace. Sai in dunƙule takarda a tsakiya, in yi ta naɗa leda a kai, in tamke da robar tsohuwar tayar keke. Mazan ba sa barina in buga, amma in babu ni babu wasa, shi ya sa nake ji da kaina.

Wata Lahadi za su kara da 'yan layin baya. Ina sauri na ga wata takarda mai kauri a kan tabarma, na cukuikuye ta ko dubawa ban yi ba.

Da la'asar na tarar da gidanmu a hargitse. Yaya ya shekara uku yana neman aiki, ya samu a wata ma'aikata, da safe zai kai takardar ɗaukarsa, in babu ita babu aiki. Har katifa an ɗaga. Sai Umma ta tsare ni da ido.

"Ke, da me kika yi ƙwallon yau?"

Na ce da wata takarda da na gani a kan tabarma.

Yaya ko takalmi bai sa ba ya ja ni fili. Sau biyu ƙwallon na faɗawa kwata, ga 'yan layinmu na gaba da ci ɗaya. Golanmu, wani ɗan Filato, ya ƙanƙame shi.

"Haba oga, bari a tashi mana, mu ne yake ci!"

"Aikina ne a ciki, kawo nan!"

Da reza na yi ta yanka, leda bayan leda, duk laka. Da na kai tsakiya sai ga takardar a yamutse, amma ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Yaya ya zauna daɓas a ƙasa, yana dariya yana hawaye. A gida Umma ta shimfiɗa zane a kan takardar ta goge ta da dutsen guga, washegari aka karɓa.

Ranƙwashi kam na sha, har uku. Tun ranar ban sake yamutsa takarda ban karanta ba. Na kuma gane cewa aiki ko na wasa ne a yi shi da kyau, don garajena ya so ya cinye aikin Yaya, ɗaurina ne ya cece shi.